Jiragen Bom Masu Sunan Gwalkwas, Da Mindodin Da Ke Cikin Gwangwani

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, nakan ajiye darasin da ke gabana in ba 'yan ajina labarin ran 28 ga Fabrairu 1948, wato ranar da aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar hanyar fadar gwamna da ke Ankara. A bana na ƙara da wani abu. Na zo da wani tsohon gwangwanin taba da na gada daga kakana, na buɗe shi a kan tebur, na fito da mindodi huɗu waɗanda ƙyallayensu suka koɗe. Yara suka yi ta miƙa wa juna suna juyawa. Can sai wani yaro daga nan Nyanshegu, irin yaran nan da ba sa barin magana ta wuce, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan kuɗin da ne? Nawa za a saye su yanzu?"

Aji ya fashe da dariya, ni kuwa ban yi ba, domin tambayar ta fi ƙarfin yaron da ya yi ta. Mece ce minda, wa ke ba da ita, don me kuma ake ba wani a hana wani? Na ga ya kamata in kawo wa masu karatun wannan shafi wani labari da ya shafi ƙasarmu, wanda ba ya cikin littafin da muke koyarwa da shi, labarin wasu samari matuƙa jiragen bom da suka yi yaƙi da sunan ƙasar nan alhali yawancinsu ba su taɓa taka ta ba.

A zamanin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun buɗe asusun taimakon yaƙi a ƙasashen da suke mulka. Sarakuna da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zuba abin da ya sawwaƙa, wasu da son ransu, wasu don ba a ce wa joji a'a. Ladan da aka ba ƙasashen shi ne a liƙa sunansu a kan wasu rukunonin sojan sama. Nijeriya ta sami rukuni mai lamba 91. Ƙasarmu kuwa, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, a 1941 aka haɗa sunanta da rukuni mai lamba 218, na jiragen da ke jefa bom. Daga nan har ƙarshen yaƙin, duk inda aka rubuta lambar rukunin a takardun hukuma, sai a bi ta da sunan Gwalkwas.

Ya kamata mai karatu ya san irin aikin da waɗannan mutane suke yi. A 1943 rukunin yana zaune a wani fili kusa da garin Downham Market a gabashin Ingila, yana amfani da jirgi ƙirar Stirling mai inji huɗu. Mutum bakwai ke cikin kowane jirgi: matuƙi, da mai duba taswira, da mai saita bom, da injiniya, da mai rediyo, da 'yan bindiga biyu. Da magariba suke tashi, su ƙetare teku cikin duhu da sanyin da ke daskarar da yatsu, su yi sa'o'i shida ko takwas a sama, ƙasa ana haska su da manyan fitilu ana ɓarin igwa, sama kuma jiragen Jamus na farautarsu. Ƙa'ida ita ce mutum ya yi irin wannan fita sau 30 kafin a ba shi hutu. Daga cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi wannan aiki a rundunar bom ta Ingila, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Ni malamin makaranta ne, saboda haka na yi lissafin a allo: cikin kowane ɗari, arba'in da huɗu. Na ce wa yara su dubi ajinmu mai mutum hamsin, su cire ashirin da biyu. Nan dariya ta tsaya.

A daren 12 ga Agusta 1943 aka tura rukunin Gwalkwas birnin Turin na ƙasar Italiya. Matuƙin ɗaya daga cikin jiragen wani saje ne mai suna Arthur Aaron, mutumin birnin Leeds, ɗan shekara 21, wanda kafin yaƙi yake koyon zanen gine-gine. Suna dab da wurin da za su saki bom sai ruwan harsashi ya same su. Inji uku suka sami rauni, gilashin gaba ya tarwatse, mai duba taswira ya mutu nan take. Shi kansa Aaron harsashi ya karya masa muƙamuƙi ya yage wani sashe na fuskarsa, wani ya shiga huhunsa, hannunsa na dama kuma ya daina aiki. Ya kife a kan sitiyari, jirgi ya yi ƙasa da kai, sai da injiniya ya yi da gaske kafin ya daidaita shi.

Komawa Ingila ba ta yiwuwa, domin tsakaninsu da gida akwai manyan duwatsun Alps, jirgin kuwa ba shi da sauran ƙarfin hawa. Sai suka juya kudu, suka nufi Afirka ta Arewa ta kan Bahar Rum. Mai saita bom, wani saje ɗan Kanada mai suna Allan Larden, shi ya zauna a kujerar tuƙi, ga shi ba matuƙi ba ne. Aka kwantar da Aaron a baya aka yi masa allurar kashe zafi. Da ya ɗan farfaɗo sai ya nace a mai da shi gaba. Aka ɗauke shi aka zaunar, aka ɗora ƙafafunsa a kan feda, ya gwada riƙe jirgin har sau biyu, ƙarfi ya gaza. Magana kuma ba hali, tun da baki ya lalace. Sai ya koma rubuta wa Larden umarni a takarda da hannun hagu.

Bayan sa'o'i biyar, mai ya kusa ƙarewa, suka hangi fitilun filin jirgin Bone a gaɓar Aljeriya, garin da yanzu ake kira Annaba. Sau huɗu suna yunƙurin sauka bisa umarninsa ba su dace ba. A na biyar ya galabaita har sai da abokansa suka riƙe shi, Larden ya kwantar da jirgin a kan cikinsa ba tare da ƙafafu ba. Mutum shida suka fita da rai. Bayan sa'o'i tara Aaron ya cika. Takardar yabon da hukuma ta fitar ta nuna cewa da ya haƙura ya kwanta ya adana ƙarfinsa, mai yiwuwa da ya rayu. A watan Nuwamba na shekarar aka ba shi Victoria Cross, wadda babu lambar jarumtaka da ta fi ta a ƙasar Ingila, iyayensa suka karɓa. Kabarinsa yana Annaba, a ƙasar Afirka.

Akwai wani ɗan abu a cikin labarin da na daɗe ina juya shi. Takardar hukuma ta ce jirgin abokan gaba ne ya harbe su. Amma abokan tafiyarsa da masu bincike daga baya sun tafi a kan cewa ɗan bindigar wani jirgin nasu ne ya buɗe musu wuta cikin duhu bisa kuskure. Wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga abin da yaron ya yi ba, ciwo dai ciwo ne ko daga hannun wa ya fito. Abin da ya nuna mini shi ne, jarumtaka a sama ake yin ta, amma takardar minda a ofis ake rubuta ta, mai rubutun kuwa yana da abin da yake so jama'a su ji.

Ofis ɗin yana kuma duban muƙami. Kafin wannan dare Aaron ya riga ya cancanci wata lamba, DFM, wadda ake ba saje da na ƙasa da shi. Hafsa idan ya yi aiki iri ɗaya, a jirgi iri ɗaya, a dare ɗaya, DFC ake ba shi. Ba a daina wannan bambanci ba sai a 1993. Wato ko tsakanin Bature da Bature akwai ɗan mowa da ɗan bora, balle a zo kanmu.

To, ina baƙar fata a cikin waɗannan jirage? Akwai su, ko da yake ba su da yawa. Kafin yaƙi dokar sojan saman Ingila ba ta yarda wanda ba tsantsar Bature ba ya zama hafsa, sai a watan Oktoba 1939 aka ɗage ta saboda bukatar mutane. Kwana biyu kafin tafiyar Aaron ta ƙarshe, aka ɓallo wani sashe na rukunin Gwalkwas aka kafa sabon rukuni mai lamba 623 a wannan fili na Downham Market. A nan wani ɗan Saliyo mai suna John Henry Smythe, haifaffen Firitawun, ya yi aikin duba taswira. A daren 18 ga Nuwamba 1943 aka harbo jirginsu a kan ƙasar Jamus. Ya diro da laima da rauni a jikinsa, aka kama shi, ya yi wata goma sha takwas a sansanin fursunonin yaƙi har sojojin Rasha suka buɗe shi a 1945. Mai karatu ya ƙiyasta halin baƙin mutum da ya faɗo daga sama cikin ƙasar Hitila, a cikin kayan waɗanda suka zo ƙona garin. Smythe ya rayu, ya karanta shari'a, ya koma gida ya kai matsayin babban lauyan gwamnati, aka ba shi lambar MBE, daga baya OBE. Ya rasu a 1996.

Akwai Akin Shenbanjo ɗan Nijeriya, mai rediyo a rukuni na 76, wanda abokan aikinsa suka raɗa wa jirginsu ƙirar Halifax suna Baƙin Yarima saboda shi, ya kuma sami DFC. Akwai Ulric Cross na tsibirin Tirinidad, wanda ya yi fita 80 a kan Jamus da ƙasashen da ta mamaye, ya sami DFC da DSO. Shi wannan har ƙasarmu ya zo a 1958, zamanin Nkrumah, ya yi aikin lauyan gwamnati a Ankara, daga nan ya wuce Kamaru da Tanzaniya. Ya rasu a 2013 yana da shekara 96. Na tambayi malamai 'yan'uwana a ɗakin hutu ko akwai wanda ya taɓa jin ɗaya daga cikin sunayen nan uku. Babu. Ni ma ban ji su a kwaleji ba.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Bom ɗin da waɗannan samari suke ɗauke da shi a kan mutane yake sauka. A watan Yuli 1943 wutar da aka kunna wa birnin Hambug ta ci rayuka kusan 40,000. A tsakiyar Fabrairu 1945, saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare, birnin Dresden ya ƙone da mutum kimanin 25,000, akasarinsu farar hula, mata da yara da tsofaffi da 'yan gudun hijira. Manyan da suka ba da umarnin sun ga abin ya yi muni, sai suka fara ja da baya. Da Churchill ya yi jawabin nasara a watan Mayu 1945 ya yaba wa sassan soja iri-iri, bai tsaya kan rundunar bom ba. An ba mutum ɗai-ɗai lambobinsu, amma rundunar a dunƙule ba a buga mata mindar kanta ba. Wanda ya aika ya wanke hannu, ɗan aike ya kwana da kunya.

Haka aka zauna shekara sittin da bakwai. Sai ran 28 ga Yuni 2012 Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe musu ginin tunawa a Green Park cikin Landan, wanda aka gina da kuɗin gudummawar jama'a, aka kuma rubuta a jikinsa cewa ana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da bom ya kashe. A 2013 gwamnati ta fitar da ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a kan ƙyallen wata mindar da suke da ita tun da. Yawancin waɗanda suka cancanta sun riga sun kwanta dama, 'ya'ya da jikoki ne suka cika takardar nema.

In an tambaye ni, ba na cikin masu cewa kada a girmama su. Ɗan shekara 21 ba shi ya zaɓi Turin ba, ba shi ya zana taswirar Dresden ba. Abin da ke hannunsa shi ne abokansa biyar da suka rage, ya kuwa sayi ransu da nasa. Amma ba na kuma cikin masu son a ba da labarin a tsaya a kan gajimare. Addininmu ya hana kashe mata da yara da tsofaffi a fagen yaƙi, ba zan tsaya gaban allo in nuna wa 'ya'yan mutane cewa ƙona gari abin tafi ne ba. Nakan gaya musu duka biyun a darasi ɗaya, in bar su da nauyin, don ni ma da shi nake kwana.

Mu dawo gida, domin hannun ƙasar nan a yaƙin sama bai tsaya ga aron suna ba. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen sama a cikin manyan akwatuna zuwa tashar Takoradi, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su kwana Kano, su bi ta Maiduguri da Fallomi, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan ta Hartum har Alƙahira, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, jirgin bom ƙirar Blenheim yana gaba yana nuna wa ƙananan jirage hanya. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Leburorin da suka sauke akwatunan, da waɗanda suka share filayen sauka suka fasa dutse suka mirgina gangunan mai, mutanenmu ne, da yawansu 'yan arewa masu zuwa ci-rani. Ko tsohon filin jirgin Tamale na wajen Nyohini a zamanin wannan yaƙi aka share shi. Ba a buga wa mai ɗaukar ganga minda.

Waɗanda aka ba su ne irin su kakana. Mutum kimanin 65,000 daga ƙasar nan suka sa kaki a yaƙin, kuma kowa ya san daga wane ɓangare aka fi ɗibar kurata: Dagomba da Gurunshi da Frafra da Mosi da Hausawan zango. Hausa ce harshen bariki, da ita saje ke ba da oda. Wannan tsohuwar al'ada ce, don ko a yaƙin farko, sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila, a watan Agusta 1914 a ƙasar Togo, namu ne, Alhaji Grunshi, wanda daga baya ya sami lambobin DCM da MM. Barikin Kamina da muke wucewa kullum a nan Tamale sunan garin da aka ci a wannan yaƙi na Togo yake ɗauke da shi.

Kakana yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai ƙasar Bama, suka yi yaƙi da Japan a kwarin kogin Kaladan. Ba mai yawan magana ba ne a kan abin da ya gani. Abu ɗaya da yake maimaitawa shi ne jirgi. Ya ce a dajin nan babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar komai, abinci da harsashi kuwa daga sama ake jefo musu da laima. In sun ji ƙugin jirgi sai kowa ya ɗaga kai, in nasu ne ranar akwai shinkafa. Har ya tsufa, in jirgi ya gitta ta kan Nyanshegu zai sauka, sai ya dakata da abin da yake yi ya bi shi da ido. Yakan ce bai taɓa ganin fuskar matuƙin da ya ciyar da shi ba, amma yana sa shi a addu'a.

Mindodinsa huɗu duka na halarta ne, wato shaidar cewa ya je, ciki har da tauraron Bama. A duk yaƙin duniya na biyu babu sojan Afirka ta Yamma ko ɗaya da aka ba Victoria Cross. Ban yarda cewa cikin dubban da suka shiga dajin Kaladan da waɗanda suka ci Myohaung a watan Janairu 1945 babu wanda ya yi abin da ya kai na Aaron ba. Kafin a ba mutum irin wannan lamba sai hafsa ya gani, ya rubuta, na sama da shi ya sa hannu. Hafsoshin kuwa duk mun san ko su wane ne.

Da suka dawo, alkawarin aiki da na fansho ya zama labari, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, kaya kuma sun yi tsada. Abin da ya fito da su kan titi ke nan a 1948 da takardar koke zuwa ga gwamna. Wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta girgiza mulkin Turawa, shekara tara bayan haka muka sami 'yancin kai. Kakana ba ya Ankara a ranar, yana nan Tamale yana gadin wani kanti. Ya ce tun da labarin ya iso, ya cire mindodin daga aljihun rigarsa ya zuba a gwangwani, ba ya fito da su sai ran 11 ga Nuwamba in an kira tsofaffin sojoji fareti. Ya rasu ina shekarar farko a kwalejin horon malamai ta Bagabaga, ban taɓa zama da biro da takarda na tambaye shi sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka bari a can ba. Wannan laifina ne, ba na Bature ba.

A Leeds an kafa wa Aaron mutum-mutumi a 2001, mindarsa tana gidan tarihin birnin, 'yan makaranta suna zuwa gani. Mu a nan na tabbata akwai irin gwangwanin nan a gidaje da dama a Nyanshegu da Sabonjida da Zogbeli da Hausa Zongo, a ƙasan adaka, tare da littafin sallama mai ɗauke da lambar soja da sunan bataliya. Na san gidan da yara suka yi wasa da su har suka ɓace, na kuma ji ana cewa masu sayen tsofaffin kaya suna bi gida-gida. Roƙona ga iyayenmu mata, waɗanda galibi su ke riƙe da makullin adaka, shi ne kada a sayar, kada kuma a goge su da toka ko yashi. A kwafe abin da ke cikin littafin sallama a takarda dabam, a rubuta sunan mai su da garinsu da abin da aka ji daga bakinsa, ko layi biyar ne.

Na ba 'yan ajina wannan a matsayin aikin hutu. Mutum tara suka dawo da wani abu a rubuce. Yaron nan mai tambayar nawa za a saya yana cikinsu. Kakarsa ta nuna masa mindodi uku na mahaifinta, ta ce a Habasha ya fara yaƙi kafin a wuce da su Bama, amma ta hana shi fita da su daga ɗaki. Sai ya ɗora takarda a kan kowace ɗaya ya goga fensir har zanen ya fito, ya kawo mini. Suna nan manne a bangon ajinmu, kusa da taswirar Afirka.